Hannun da Ya Rage a Hoto

Hidaya ta sa almakashi ta datse Innarta daga hoton da suka ɗauka a gindin hasumiyar Gobarau. Haka ta yi wa na rijiyar Kusugu da na Gidan Makama. Gobe ƙawayenta na jami'a za su zo Gaya ganin kundin hotunan da ta cika musu kunne da shi, ga Inna kuwa a kowane hoto da koɗaɗɗen zane da silifas. Hidaya ta manna nata ɓangaren a kundin, ta watsar da guntayen Inna a bayan ƙofa.

Washegari ana cikin buɗe shafuka, ana ta "Kai, kin sha yawo!", sai Inna ta yi sallama riƙe da tsohuwar kalanda. A bayan kalandar ta jera guntayen nan, ta liƙe su da ƙaro.

"Ku ga nawa, 'yan nan. Hidaya ce ta ware mini, iska ta zubar, ina shara na tsince su."

Hidaya ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Sadiyya, ɗaya daga cikin baƙin, ta ce, "Inna, ke kaɗai kika je?"

"Haba! Ba ki ga hannun 'yata a kafaɗata ba? Duk inda muka je, ba ta sake ni ba."

Ƙawayen suka mai da ido kan kundin. A kowane shafi Hidaya na murmushi, hannunta ɗaya dungulmi.