Jan Bakin 'Yan Gumaka

An ce a unguwar Nasim ɗan wata tsohuwar malama, direba, yana shafa wa 'yan gumaka jini. Tsohuwar malamar ba ta yarda da "an ce", amma ta san a Riyad zargin sihiri kan ci iƙamar mutum, takardar izinin zamansa, har da wuyansa.

Ta tura ƙofarsa. Ga su jere kan tebur, haƙora zaƙo-zaƙo, baki jajur.

"Inna, na wasa ne, kamar dara. Mashaya jini ake kiransu."

"Rufe min baki!"

Ta dangwali jan abin da ke cikin wata kwalba kan teburin, ta runtse ido, ta lasa.

A ƙasa aka fara dukan ƙofar gida, ana kiran sunansa da Larabci.

Abin da ke harshenta fenti ne.