Cokalin Inna a Bakin Injin

Shekara huɗu motar Baba tana kwance gindin iccen bedi, tun da jinya ta raba shi da hanyar Illela. Rannan da la'asar ya kwance buji, wato fulogogin injin, ya ce, "Ɗiyata, ɗauko cokalin innarki."

Ya dinga ɗura baƙin mai cikin ramukan bujin. "Injin da ya daɗe kwance, sai an jiƙa mashi maƙoshi kafin a tada shi."

Ya sa sifana ya murɗa injin. Ko motsi. Ya sake, numfashinshi ya sarƙe, ya zauna ƙasa.

Kafin kaka ni ke riƙe da cokalin nan, ina ba shi ruwa. Har yau ina jin warin man. Na jiƙa maƙoshin, Baba. Kai ma ba ka tashi ba.