Mabuɗin da Ya Bi Iska

Kin ce yaya za a jefa sirri ta sararin sama, fili fetal, ba waya ba bututu, kuma a ce ɓarawo ba zai amfana ba? To gyara zama, Malama, in ba ki misali.

An yi wani masanin haske da abokiyar aikinsa. Shi ya kafa na'urarsa a kan wani dutse, ita ta kafa tata a kan wani dutsen can da nisa, inda ko da madubin hangen nesa sai ka ƙura ido kafin ka hango rumfarta. Aikinsu aika mabuɗin sirri, wato jerin lambobin da ake kulle saƙo da su. A kan ƙwayoyin haske suke ɗora shi, ɗaya bayan ɗaya, su ratsa saman gonaki da kogi da rufin gidaje, ba abin da ya riƙe su sai iska. Kai, abin gwanin ban sha'awa! Ita kuwa ƙwayar hasken nan ba ta ga maciji da mai leƙe. Duk wanda ya tare ta a hanya ya duba abin da ta ɗauko, sai ta sauya, ba ta komawa yadda take. Shi ya sa suke da al'ada: in mabuɗi ya iso, sai su ɗebi kaɗan daga ciki su gwada nata da nasa, kamar yadda mai miya ke ɗanɗana gishiri. In ya zo daidai, su zubar da abin da suka ɗanɗana, su yi aiki da sauran.

Ran nan manyan wani asibiti suka hau dutsen da masanin yake don su gani da idonsu. In abin ya yi, da shi za su riƙa aika sirrin majinyata zuwa reshensu na nesa. In bai yi ba, a naɗe kaya, wahalar shekaru ta bi ruwa. Hantsi ya dubi ludayi, sama garau, na'ura ta soma karɓar haske, mutuminki bakinsa har kunne. Aka zo ɗanɗano, sai ga kuskure birjik. Iska takan jawo kuskure, zafin rana ma yakan sa hasken rawa, amma ya san iyakar ɓarnarsu kamar yunwar cikinsa, wannan kam ya wuce nan. Zuciya ta ce masa, haba, ɗora wa iska laifi mana, ka gyara ka wuce, wa zai sani? Ga baƙi sun zuba masa ido. Ya tuna sirrin marasa lafiya za a kulle da abin nan, sai ya ce, “Ranku ya daɗe, wannan mabuɗin ba zan yi aiki da shi ba, an sa masa hannu a hanya.” Ya goge shi tas.

Kunya ta lulluɓe shi, a ransa ya riga ya yi ban kwana da aikin. Sai shugabar baƙin, wata dattijuwar likita, ta fashe da dariya har tana tafi. Ashe su suka ɓoye injiniyansu a kan wani tsauni da ke tsakani, da na'urar tare haske, su ga ko za a gane! Ta kira injiniyan a waya ta ce ya sauko, an kama shi. Aka sake aiko wani mabuɗin, ɗanɗano ya fito daidai wa daida, saƙon farko ya isa a kulle. Abokiyar aikinsa ta rangaɗa guɗa ta cikin waya, shi kuwa ya daka tsalle har hularsa ta gangara gindin dutse, bai ko waiwaye ta ba.

Kin ji, Malama. Ba wanda ya ɗaure hannun ɓarawo, yana iya miƙawa, amma in ya taɓa sai an gani. Abin da ya rage shi ne a sami mai gaskiyar da zai ga alama ya tsaya, tun da Hausawa sun riga sun faɗa: ruwa ba ya tsami banza.