Fayil ɗin Tungar Maje

"Wa ya taɓa min fayil?" Habibullahi ya tambayi abokan aikinsa a ofishin rigakafi. Jadawalinsa na Excel ya daina janyo sunayen yaran ƙauyen Tungar Maje daga ma'ajiyar da kwamfutocin ofishin ke tarayya a kai, ga shi gobe za a fita yin allura.

Ya yi ta bin adireshin fayil ɗin, har ya tsince shi a foldar Cikin Gari.

"Ni na mayar da shi can, Malam," in ji Angelina, mai shigar da sunaye.

"Saboda me?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ƙauyen ya tashi tun ranar Talata, suna kwana a firamaren bayanmu. Fayil ɗin kaɗai aka bari a daji."