Baƙin Dutsen Baba

Babana masanin duwatsu ne, aikinsa neman man fetur a hamadar Nijar. Sai ya yi wata uku bai zo gidanmu na Malanville ba.

Wata la'asar ya kai ni bakin gulbi, kusa da gada. Ya ciro wani baƙin dutse daga aljihu, ya fasa shi da 'yar gudumarsa.

"Sansana, ɗiyata. Mi kika ji?"

"Warin kananzir," na ce, ina yatsina fuska.

Bai yi dariya ba. Ya ce, "To, shi ke raba ni da ku."

Ranar ban gane haƙuri yake ba ni ba. Yanzu ya rasu, ba ni da wanda zan gaya wa na gane.