Shaidar Kaka

Kaka ce ta goge masa farar rigar da kanta, ta ɗan ƙona bakin hannun, ta ce ya naɗe, ba mai gani.

"Miƙe, maigidan. Gaban kwamiti za ka, ba makabarta ba."

Dogo ya miƙe. Yana shekarar ƙarshe a karatun haɗa magunguna abin ya same shi. 'Yan ƙwayoyi ne, ko tafin hannu ba su cika ba. Ya fara sha ne don ya kori barci lokacin jarrabawa, jarrabawa ta wuce, su ba su wuce ba. Ya rame, idanu suka faɗa. Wata safiya sai da Kaka ta sheƙa masa ruwa har ƙasa ta jiƙe kafin ya motsa.

Ranar da 'yan sanda suka zo, ba su ɗaga katifa ba, ba su taɓa littafi ba. Hannu kawai suka miƙa saman kabad, suka sauko da tsohon takalminsa na ƙwallo, suka zazzage, ƙwayoyin suka zubo. Kaka na tsaye bakin ƙofa da tsintsiya, ko ƙwalla ba ta yi ba. Bargo ta miƙa masa, a naɗe tsaf, ta ce can akwai sanyi.

Alƙali ya yi masa faɗa, ya tura shi ganin likita, ya sallame shi. Kowa ya ce abu ya zo da sauƙi. Ashe suna ya shiga kwamfuta, ita kuwa kwamfuta ba ta san tuba ba. Ya gama karatu da sakamako mai kyau, amma duk asibitin da ya je neman horo, sai a yaba takardunsa, a danna sunansa, fuska ta canza. Abokan karatunsa na bayan kantar asibiti suna ba da magani, shi yana sauke kwalaye a shagon kawunsa.

Ƙwaya kam ya bari. Abin da bai bari ba shi ne tsine wa wanda ya kai shi ƙara. Wani ɗan sanda ya tsegunta masa cewa da wayar ɗan makwabta aka kira, abokinsa tun suna rarrafe. Dogo ya daina ko kallonsa. In ya fara tsinuwar, sai Kaka ta ce, "Ci abincinka, bakin nan ya huta." Kuma ba ta fasa aika wa makwabtan kwano ba, abin da ke ƙona masa rai ke nan.

Yau kwamitin ba da lasisi zai yanke: ko ya sa farar rigar nan a bakin aiki, ko ta tsufa a rataye.

Ɗakin kwamitin mai dogon tebur ne da fanka mai ƙara. Shugabar kwamitin ta dube shi ta saman tabarau.

"Makullin ɗakin magani kake nema mu ba ka. Irin abin da aka kama ka da shi, can kwali-kwali yake. Wa zai tabbatar mana ka daina?"

Dogo ya buɗe baki, bai gama haɗa magana ba ya ji ƙwanƙwasar sanda a bayansa. Kaka ta tashi.

Wani mai ƙaton ciki a ƙarshen tebur ya yi murmushi. "Iya, zauna abinki. Shaidar kaka ai ba shaida ba ce. Ko a gabanki ya haɗiya, rufa masa asiri za ki yi."

Dogo ya sunkuyar da kai. Shi ke nan, ya ce a ransa, sai kwalaye.

Kaka ba ta zauna ba.

"Ɗan nan, ban yi karatunku ba, amma ni nake share ɗakin yaron nan, ni nake juya aljihunsa, ni nake leƙa ƙwayar idonsa kowace safiya. Tas yake. Kuma da ƙafarsa na kawo muku shi, ba a makara aka wuce da shi ba. Wannan ko kun hana shi takardar, na ci riba."

Shugabar ta cire tabarau, alƙalaminta na tsaye a kan takarda. "To Iya, in ya koma fa? Me zai sa mu yarda za ki faɗa?"

Kaka ta juya ta kalli Dogo, ta gyara masa hannun rigar da ya warware.

"Kai, in mun fita ka je ka ba ɗan makwabta haƙuri, wayarsa kawai na ara. Ni na kira 'yan sandan, kuma gobe ka koma, gobe zan sake kira."