Ƙofa Zuwa Gidan Kande

Tun da aka sa gine-ginen Zariya magana da harshe ɗaya, magini ba ya taɓa bango sai ya tambaye shi.

Hajiya Tabawa ta kira Sallau magini ya huda mata ƙofa zuwa gidan aminiyarta Kande da suke haɗa bango, don ciwon gwiwa ya hana ta zagayawa. Sallau ya kara wayarsa a bango.

"Hajiya, gidanki ya yarda. Na Hajiya Kande ya ce bututun ruwansa na nan, a matsa hagu."

Ta yi dariya. "Ka ji gidaje masu ladabi!"

"Wai tun jiya suka gama shawara."

Tabawa ta harari bangon. Jiya ita kaɗai a ɗaki ta yi zancen ƙofar, tana shafa man zafi.

"Sa masa guduma, Sallau. Magulmaci kawai!"